Kurkum Ba Ya Tambayar Mutum Yadda Ya Kwana

Ƙanwata ta haihu a hunturun bara, ɗa namiji, haihuwarta ta huɗu. An yi suna lafiya, ana wankan jego safe da yamma, kunu da yaji ba su yanke mata ba. Sai da aka yi arba'in muka lura cewa yarinyar da ke cika gida da surutu ta yi tsit. Jariri na kuka a gefenta, ita kuwa ta ƙura wa bango ido. A ajiye mata tuwo, ya huce, a ɗauke. Tsakar dare idonta biyu, da rana kuma ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. In na tambaye ta, amsar ɗaya ce: "Ba komai, Yaya."

Uwar mijinta, wadda duk muke kira Inna, mace ce mai tausayi, kuma ita ta fara tashi neman magani. Wata jikarta ta kunna mata saƙon murya a WhatsApp, inda wani mai daɗin baki ke cewa kurkum na warkar da damuwa da yawan tunani, har masana sun gwada sun tarar ƙarfinsa ɗaya da ƙwayar asibiti. Washegari ta hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa, ta sayo garin wurin masu kayan yaji. Kullum bayan isha'i sai ta tafasa madara, ta zuba rabin cokali, ta barbaɗa masoro, ta ɗiga zuma, ta kai wa surukarta har ɗaki. Har yau ina tuna kofin silbar nan da bakinsa ya rine ya koma rawaya, da yatsun Inna da su ma suka rine. Ƙanwata takan karɓa da hannu biyu, ta shanye, ta ce, "Na gode, Inna, Allah shi saka da alheri." Inna ta ɗauki kofinta ta fita da sanyin rai, don a ganinta ta ba da magani.

Mako shida ana haka. Wata ranar Alhamis ina mata kitso a tsakar gida, kanta bisa cinyata, sai ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, da ba ni a duniya, da yaran nan sun huta." Hannuna ya tsaya cak cikin gashinta. A ranar na gane cewa mako shida muka yi muna ba ta madara mai launi, ita kuwa tana nutsewa a gaban idonmu.

Ba ni da faɗa da kurkum. Ina sa shi a shinkafa da miya, kakanninmu sun san shi da sunan gangamau tun ba a yi salula ba, dukawa na rina fata da shi. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki kayan miya a ɗora masa aikin da ba nasa ba, a kan cutar da ke kai mutum ga halaka kansa. Ciwon damuwa mai tsanani cuta ce kamar hawan jini da ciwon suga. Wanda ya ce wa mai wannan cuta kurkum ya ishe shi, ko da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya jinkirta masa magani.

Mai saƙon nan bai shirga ƙarya zalla ba, kuma wannan ne ya sa maganarsa ta fi shiga rai. Akwai binciken da yake nufi. A jihar Gujarat ta Indiya, ƙasar da ke noma mafi yawan kurkum na duniya, an yi gwaji a kan mutum 60 masu ciwon damuwa, aka buga sakamakon a 2014. An raba su gida uku, ashirin-ashirin. Wasu aka ba su kurkumin, wato sinadarin da ke ba kurkum launinsa, wasu ƙwayar fuloksetin ta asibiti, wasu kuma duka biyun. Bayan mako shida sauƙin da aka gani ya yi kusa da juna. Daga nan ne maganar "ƙarfinsu ɗaya" ta fito ta zaga duniya har ta iso salular jikar Inna.

Ga abin da mai saƙon ya bari a baya. A gwajin babu rukunin da aka ba ƙwaya marar magani a ciki don a auna, alhali a ciwon damuwa mutane da yawa na jin dama-dama don kawai an kula da su ana tambayarsu lafiya lokaci-lokaci. Mutum ashirin a rukuni kuma sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masu binciken ba su sa duk wanda ke tunanin kashe kansa cikin gwajin ba. Ke nan ƙanwata, da maganar da ta faɗa mini ranar kitso, ko ƙofar wannan gwaji ba za a bar ta ta shiga ba, amma ga shi da sunan gwajin ake ba ta madara.

An yi wasu gwaje-gwajen. A Ostireliya, shi ma a 2014, an gwada mutum 56 na mako takwas, wannan karon da ƙwayar da ba komai a cikinta don kwatanci. A makonni huɗun farko kowa ya samu sauƙi iri ɗaya, sai a huɗun ƙarshe masu kurkumin suka ɗan yi gaba. A Isra'ila a 2013 an ƙara kurkumin a kan maganin asibiti ga mutum 40, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Masu tattara irin waɗannan gwaje-gwaje wuri ɗaya suna cewa akwai alamar amfani, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci. A 2017 wasu masana haɗa magunguna a Amurka suka bi bayan gwaje-gwaje sama da 120 da aka yi da kurkumin a kan cututtuka iri-iri, suka ce har lokacin bai kai matsayin magani ba. Iyakar gaskiyar ke nan: akwai alama, alamar ta cancanci a ci gaba da bincike, amma ba ta kai a jingina ran mutum da ita ba.

Kuma ko alamar ma ba a kan garin kasuwa aka gan ta ba. Kurkumin da ke cikin garin kurkum bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba. A gwajin Indiya da na Ostireliya giram ɗaya na tataccen kurkumin ake sha kullum. Kafin mutum ya samu wannan daga gari, sai ya sha giram talatin da wani abu, wato ƙaramin cokali sama da goma kowace rana. Rabin cokalin Inna ko kusa bai yi ba. Ɗan abin da aka sha ɗin ma hanji ba ya tsotsarsa sosai, wanda ya shiga kuma hanta na saurin kawar da shi. Wannan ne dalilin barbaɗa masoro: a 1998 masu bincike a birnin Bangalor suka gano cewa sinadarin da ke ba irin wannan yaji zafinsa na ninka shigar kurkumin cikin jini har sau ashirin.

To a nan ne wani zai ce, ai sai a sayi tataccen na kwalba, mai haɗe da masoro, irin wanda ake tallarsa a Facebook ana kawowa ta Kano. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da garin. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun samu mutum sama da 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyin. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a kansu a 2022, ta Ostireliya mai kula da magunguna ta bi baya a 2023. Ma'aunin da masana abinci na duniya suka sa shi ne miligiram 3 na kurkumin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato miligiram 180 ga mai kilo 60, ƙwayoyin kwalba kuwa sukan ninka haka sau da yawa. Mu da muke yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma da yawanmu ba mu taɓa yin awon jini mun san matsayinmu ba, bai kamata mu yi wasa da hanta ba. Mai shan maganin tsinka jini, da mai tsakuwa a matsarmama, da mai ciki, su ma an gargaɗe su a kan tataccen.

Garin ma ba kullum yake tsarkakakke ba. A Bangaladash, binciken da masana na jami'ar Stanford suka buga a 2019 ya nuna masu sarrafa kurkum na shafa masa wani fenti mai gubar dalma don launin ya ƙara haske ya ja mai saye. Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba, mun ji abin da ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Garin da ake aunawa a ƙulla a leda ba shi da takardar da ke faɗin inda ya fito, kuma tsananin hasken launi ba shaidar kyau ba ce.

Sai dai duk wannan lissafi na giram da hanta ba shi ne ya fi damuna ba. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa mu, gida guda cike da manya, muka rungumi kofin madara muka kasa cewa yarinyar nan ba ta da lafiya. Amsar da na samu ba ta da daɗi: kurkum ya ba mu hanyar yin wani abu ba tare da mun kira cutar da sunanta ba. A garin nan namu na Maradi in aka ce ciwon ya shafi ƙwaƙwalwa, kalma ɗaya ke zuwa bakin mutane, hauka. Daga nan sai tunanin wa zai auri 'ya'yanta, me kishiya za ta ce, me dangin miji za su ɗauka. Mutane na jin kamar da zarar an ambaci likitan ƙwaƙwalwa, an kama hanyar Pavillon E ke nan, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar kilomita sama da 600. Sayen garin kurkum kuwa ba ya jawo tsegumi. Kowa na iya ganinki da shi a kasuwa ya ce miya za ki yi.

An kuma rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Karin maganar na da wurinta, don riƙe sirri mutunci ne. Amma mun shimfiɗa ta har ta rufe ciwo. Mace ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, a ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ta jin daɗin komai, a ce ta gode wa Allah, ga miji ga 'ya'ya. Namiji kuwa ko faɗa ba ya yi. Sai dai ka ji an ce wane "tunani" ya yi masa yawa tun da kasuwa ta karye, ya daina zuwa fada shan shayi, ko kuma ya koma haɗiyar tiramol don ya iya fita nema.

Kuma dalilan tunani ba su yi mana kaɗan ba. Maradi gari ne da ke numfashi da iyaka. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mun ga 'yan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina sun zauna ba shiga ba fita, bashi na hawa. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, cikinsu akwai matan da aka kashe mazajensu a gabansu. A daminar 2024 ruwa ya rusa gidaje a cikin garin nan ya ci rayuka. Wanda ya ga irin wannan ya kasa barci wata da watanni, wace madara ce za ta goge masa abin da idonsa ya gani?

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa, mata sun fi maza, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma na kamuwa da shi lokacin goyon ciki ko bayan haihuwa. A yi wannan lissafi a jihar da mace ke haihuwa shida, bakwai, takwas, da yawa tun suna ƙanana. Hukumar ta kuma ce a ƙasashe marasa ƙarfi fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin wannan ciwo ba sa samun wani magani, kuma sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, rikicewar barci da cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, tunanin mutuwa. Duk ƙanwata ta nuna su, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska, mu ne muka kau da kai.

Akwai masu cewa ai mumini ba ya damuwa, wanda ya kamu da ita imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana na ƙona mini rai, don na ga yadda ta ƙara wa ƙanwata nauyi, ga ciwo ga jin ta yi wa Allah laifi. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, a tarihin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Fiye da shekara dubu da suka wuce malami Abu Zaid al-Balkhi ya bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun na da tushe a jiki, yana bukatar magani. Hadisin talbina ma, kunun nan da Nana A'isha ke sa a dama in an yi rasuwa, cewa ya yi tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Wani sashe aka ce. Kuma a gidan makoki ake dama ta, inda mata suka taru suka zauna da wadda aka yi wa rashi. Addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, mu da muka haddace cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Na san uzurin da za a kawo, kuma uzuri ne na gaske: likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su da yawa, magani sai da kuɗi, talaka kuma abin da hannunsa ya kai shi yake kamawa. Amma ba kowane ciwon damuwa ke bukatar babban likita ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane wannan ciwo da kula da shi. Fuloksetin da amitiriftilin tsofaffin magunguna ne da ke cikin jerin magungunan dole na hukumar, ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Su ma ba abin saye a tiren mai talla ba ne, sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta, don amitiriftilin in ya yi yawa kisa yake yi.

Abin da ya fi burge ni kuwa daga Zimbabuwe ya fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Harare, Dixon Chibanda, da ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai ya koya wa tsofaffin mata yadda ake sauraron mai damuwa da taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a kan benci a harabar asibitin unguwa. An gwada tsarin a kan mutum sama da 570, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka yi zama da masu bencin kusan kashi 14 cikin 100 ne ke da sauran alamomin ciwon, cikin waɗanda ba su yi ba kuwa kusan rabi. Da na karanta wannan Inna ce ta faɗo mini a rai. Irinta sun cika unguwanninmu, daga Bagalam zuwa Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo: ungozomomi, masu wankan jego, malaman makarantun Islamiyya na mata, tsofaffin da ake kai wa ƙarar aure. Suna da kunne, suna da lokaci, ana jin maganarsu, kowane ɗaki suna shiga. Horo kawai suka rasa.

Shi ya sa nake roƙon hukumomin lafiya na jiha su sa a riƙa yi wa kowace mai jego tambaya biyu ranar da ta kawo jariri rigakafi: kina barci? Akwai abin da ke faranta miki rai kwanan nan? Ina roƙon gidajen rediyonmu, da ke sayar da fili ga masu tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in, su ba ma'aikacin lafiya ko minti goma sha biyar a mako ya yi bayanin ciwon damuwa da Hausar da kowa ke ji. Malamanmu su faɗa a kan mumbari cewa ba raunin imani ba ne. Masu tura saƙo kuma, kafin ɗan yatsa ya danna, su tuna cewa saƙon na iya faɗawa hannun wata Inna mai surukar da ke tunanin mutuwa. Wanda duk ya ji ɗan'uwansa ya ce gara ya mutu, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga kusa da shi, ya kai shi asibiti a ranar.

Mu ma a ranar muka kai ta. Sai da na durƙusa gaban mijinta na ce, "Malam, don girman Allah ka bar ni in kai ta, in ma da abin kunya a kaina yake." Ya yi shiru, can ya tashi ya ɗauko makullin babur. Ma'aikaciyar da ta gan mu ta fitar da mu waje, ta zauna da ita ita kaɗai kusan rabin awa, muna jiyo kukanta ta ƙofa, kukan da ba ta yi ba tun haihuwar. An auna jininta aka tarar ya yi ƙasa, aka ba ta maganin ƙarin jini, aka tura mu wurin wanda ya rubuta mata ƙwayar da mai shayarwa ke iya sha. An gaya mana kada mu sa ran ganin sauƙi kafin mako biyu zuwa huɗu, kuma kada ta bari don ta ji dama, sai an yi watanni.

Sauƙin a hankali ya zo. Barci ya fara dawowa, sai cin abinci, sai wata rana na shiga gidan na ji tana yi wa babban ɗanta faɗa a kan ya ɓatar da takalmi, na tsaya a zaure ina hawaye. Inna da aka yi mata bayani ba ta yi musu ba, cewa kawai ta yi, "Ashe ciwo ne, ɗiyata, ashe ciwo ne," tana ta maimaitawa. Har yanzu tana tafasa madarar bayan isha'i, da rabin cokalinta na kurkum, likita ya ce wannan kaɗan ɗin ba komai. Sai dai yanzu in ta miƙa kofin ba ta fita. Takan karɓi yaron ta saɓa shi a kafaɗa, ta zauna bakin gado, ta ce, "To, gaya mini, yau yaya kika wuni?"